Yadda ake zaɓen faɗin kirank da tazarar feda a keken hawan dutse

Kafin ka yi nisa da karatun nan, je ka jawo kekenka ka duƙa ka dubi hannayen feda, wato ƙarafan nan biyu da feda ke ɗaure a bakinsu, waɗanda masu gyara ke kira kirank. Idan fentin ɗaya ya goge har ƙarfen yana ƙyalli kamar bayan cokali, ɗayan kuma yana nan da baƙinsa, to dunduniyarka ce ta yi wannan aikin, kuma ƙafafunka biyu ba zama ɗaya suke yi a kan keken ba.

Ni sai da gwiwa ta yi tsami na koyi wannan. Keken gwanjo na saya mai giya 21, ya yi mini hidima har ranar da hannun feda na hagu ya fara lilo don raminsa ya cinye. Na kai wa wani mai gyara a bakin titi, ya zaro wani hannu daga akwatin tarkacensa ya ɗaura, ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, keke ba ya zaɓe." Ranar Asabar na tashi daga Samaru na bi ta Wusasa zuwa gindin Kufena. A dawowa gwiwar hagu ta fara suka ta ciki. Na ɗora laifin a kan sanyin hunturu, daga baya na ɗora wa shekaru. Sai da na yi wata guda ina ɗingishi kafin wani dattijon mai gyara ya karyi tsinken tsintsiya, ya gwada tsakanin hannun dama da jikin keke, ya kai tsinken nan ɓangaren hagu, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ƙafarka ɗaya tana Zariya, ɗaya tana hanyar Kaduna." Da na sa rula, hannun hagu ya fi na dama fita waje da milimita 9.

Awo biyu ne, kada ka haɗa su

Na farko shi ne faɗin kirank kansa: daga fuskar waje ta hannun dama, daidai ramin da feda ke shiga, zuwa fuskar waje ta hannun hagu. A takardun kamfanoni da harafin Q ake rubuta shi. Wani Ba'amurke mai zanen keke, Grant Petersen, shi ya raɗa sunan lokacin yana aiki da kamfanin Bridgestone, kuma daga kukan agwagwa ya ɗauko shi, don a ganinsa mai tuƙa kirank mai faɗi tale ƙafa yake yi kamar agwagwa.

Na biyu shi ne tazarar taku, wato daga tsakiyar feda ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. Wannan ne gwiwarka ta sani. Ana samunsa in an ɗauki faɗin kirank aka ƙara tsawon aksul ɗin feda, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, sau biyu. Yawancin feda masu kama takalmi tsakiyarsu na nesa da kirank da milimita 52 zuwa 55. Ke nan kirank mai faɗin 172 da feda mai 55 za su ba ka 282. Saboda haka mutum biyu za su iya ɗaura kirank iri ɗaya amma takunsu ya bambanta da fiye da faɗin yatsa, don fedarsu ba ɗaya ba ce.

Keken tseren kwalta faɗin kirank ɗinsa bai cika wuce 145 zuwa 150 ba. Na hawan dutse yakan kama daga 168 zuwa 180, masu tayar nan ƙatuwa ta yashi kuma har 200 suke hayewa. Dalilin ba boyayye ba ne. Taya mai kaurin inci 2.3 ko 2.6 tana buƙatar wuri, ga laka da za ta manne mata da damina, dole ƙarafan baya biyu da suka rungumi tayar su buɗe, hannayen feda kuma dole su kauce musu. Firam, wato ƙarafan jikin keken, shi ke yanka maka iyaka, sai a cikin abin da ya bari ne za ka nema wa gwiwa sauƙi. Wanda ya fara da sayen kirank kafin ya auna firam, kuɗinsa ne zai yi kuka.

Mataki na 1: auna abin da ke kan keken yanzu

Kana buƙatar rular ƙarfe, zare, sifana mai lamba 15 ko alanki 6 ko 8, da biro. Cire feda biyun. A nan mutane ke lalata kirank, don zaren fedar hagu, wato tsagin da ake murɗa ta a kai, a juye yake. Ka riƙe wannan dabara: in ka kafa sifana tana kallon sama, tura ta wajen tayar baya, ko dama ko hagu haka feda ke kwancewa.

Juya hannun dama ya miƙe sama, ya yi layi ɗaya da bututun da sirdi ke shiga. Auna daga fuskar wajen hannun, daidai ramin feda, zuwa jikin bututun. Rubuta. Juyo hannun hagu ya zo wurin, ka auna haka nan. Sannan ka naɗa zare a jikin bututun daidai inda ka yi awon, ka auna zaren ka raba da 3.14, kaurin bututun ke nan. Yawanci za ka ga 28.6 ko 31.8 ko 34.9. Haɗa lambobin uku, ka sami faɗin kirank ɗinka.

Amfanin wannan hanyar shi ne tana tona asirin da awon gaba ɗaya ke rufewa. Dubi lambar dama da ta hagu. Bambancin milimita 2 ko 3 ba abin tayar da hankali ba ne, kekuna da yawa haka suka fito. In ya kai 5 ko ya haura, tsaya nan ka nemi dalili kafin komai. Ko hannayen biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, ko an sa aksul ɗin tsakiya da bai dace ba, ko an jera zobban cike gurbi a ɓangaren da ba nasu ba, ko kuma hannun ya lanƙwashe a wata faɗuwa. Leƙa bayan kowane hannu kusa da ramin feda, akwai lamba a rubuce, 170 ko 175 ko 165, tsawonsa ke nan. Na taɓa ganin keken gwanjo da 170 a dama, 175 a hagu, mai shi yana ta hawa bai sani ba.

Mataki na 2: tambayi firam abin da zai ɗauka

Kifa keken, ka auna faɗin gidan boris na tsakiya, wato guntun bututun da aksul ɗin kirank ke ratsawa. Ƙarfen firam kawai za ka auna, ban da kofunan da aka ɗaura masa. In mai zare ne, 68 za ka gani ko 73. Kekunan gangara masu nauyi suna da 83. Wasu sababbin firam ba su da zare sam, matsa boris ake yi a ciki, faɗinsu kusan 92.

Sai ka gane irin aksul ɗin. Mafi yawan kekunan da ke yawo a garin nan masu aksul mai kusurwa huɗu ne, wanda hannu ke zama a bakinsa a ɗaure shi da ƙusa ɗaya. Irin wannan yana zuwa da tsawo daban-daban: 110, 113, 118, 122.5, 127.5. In ka ciro shi za ka ga an rubuta a jikinsa, misali 68 da 113, ko 73 da 122.5. Abin da masu gyara da yawa ba su damu da shi ba shi ne kowane kirank da tsawon aksul ɗin da aka ƙera shi dominsa. Kirank ɗin da ke son 113 in ka ba shi 127.5 ka ƙara wa takunka kusan milimita 15 ba tare da ka nema ba, kuma sarƙa ta karkace. Sababbin kekuna kuwa aksul ɗin a manne yake da hannu ɗaya, boris na waje. Na Shimano, Hollowtech II, kaurinsa 24 ne, na SRAM mai suna DUB kuma 28.99. Waɗannan ba a sauya musu tsawo, yadda suka zo haka suke.

Abu na gaba shi ne layin sarƙa. Auna daga tsakiyar bututun sirdi zuwa haƙoran farantin sarƙa, na tsakiya in uku ne. Tsofaffin kekuna masu faranti uku suna tsakanin 47.5 da 50. Layin nan yana tafiya ne da faɗin cibiyar tayar baya. Cire tayar ka auna tsakanin bakin ƙarafan: 135 ko 142 tsohon tsari ne, 148 shi ake kira Boost, wanda ya tura sarƙa waje da milimita 3 ta koma 52, akwai kuma 157. In layin gaba da na baya ba su daidaita ba, sarƙa za ta riƙa gurnani a manyan giya, ta riƙa saukowa in ka juya feda baya, ta kuma cinye haƙora da wuri. Ƙurar Zariya da ma ba ta raga wa sarƙa, balle an ƙara mata karkata.

Na ƙarshe a nan, gwajin tsinken tsintsiyar dattijon nan mai gyara. Juya kowane hannu ya kwanta kusa da ƙarfen baya, ka zura alanki mai lamba 5, wato mai kaurin milimita 5, tsakanin bakin hannun da ƙarfen. In ya wuce ba tare da gogawa ba, kana da wuri. In bai wuce ba, ka manta da maganar rage faɗi, don in ka miƙe tsaye kana taka feda a hawa, firam na ɗan lanƙwasawa, abin da ya rage milimita 2 a tsaye zai daki ƙarfe a tafe. Wannan ne ma ya sa ɗaura kirank ɗin keken tsere a keken dutse ba ya yiwuwa galibi. In hannun bai daki firam ba, farantinsa mai haƙora 50 ko 52 zai daka.

Mataki na 3: dubi ƙafafunka, ba lambar kwali ba

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Fara gyara tsawon sirdi, don sirdin da ya yi ƙasa shi kaɗai yana sa gwiwa ta buɗe waje, ka zaci faɗi ne matsalar. Zauna a kai, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan.

Sai ka nemi fili mai yashi ko ƙura, ka yi tafiyarka ta kullum taku goma ba takalmi, ka waiwayo ka dubi sawunka. Wasu yatsunsu gaba suke kallo sak. Da yawanmu yatsun waje suke kallo, dunduniya na shigowa ciki. Mai irin wannan sawu a kan keke ma haka ƙafarsa ke son zama, kuma shi ne mai goge fentin kirank, shi ne idon sawunsa ke bugun ƙarfen baya. Ba a tilasta wa irin wannan ƙafa ta miƙe, wuri ake ƙara mata.

Yanzu gwajin waya. Sa gajeren wando, ka ɗiga alli ko ka manna filasta a tsakiyar ƙoƙon gwiwa, ka sa wata alamar a kan takalmi daidai yatsa na biyu. Ba abokinka waya ya tsuguna a gabanka, kai kuma ka taho kansa a hankali a wurin da ke da ɗan hawa, da giya mai ɗan nauyi, yana ɗaukar bidiyo. Jingina da bango kana juya feda baya ba ya nuna gaskiya, don ƙafar ba ta ɗauke da nauyi. Ku maimaita sau uku, sannan ku zauna ku kalla a hankali.

Abin da kake nema shi ne alamar gwiwa ta riƙa hawa da sauka kusan a saman alamar yatsa. Idan gwiwa na fita waje duk lokacin da feda ta zo sama, kamar mai tuƙa keken ƙaninsa, ƙafafun sun matsu, suna son ƙarin tazara. Haka abin yake ga masu ƙafar baka, da masu kaurin cinya, da wanda tumbi ya ɗan fito masa. Idan kuma gwiwa na faɗowa ciki tana neman shafar bututun sama alhali ƙafa na can waje, to tazarar ta yi yawa, ko kuma tafin ƙafar ne ke rushewa ciki in an taka. Mai gwame yakan ga haka. Kafin ka taɓa kirank, gwada takalmi mai tauri wanda ke tallafar tsakiyar tafin ƙafa, sau da yawa daga nan maganar ke ƙarewa.

Idan fedarka shimfiɗaɗɗiya ce wadda ba ta kama takalmi, ka yi sa'a, don ƙafa da kanta take zaɓar wurin zama. Bayan tafiyar awa guda, kada ka gyara komai, ka sunkuya ka duba. Gefen takalmin ya zarce bakin feda ta waje? Tana son faɗi. Ya manne da kirank kamar zai hau shi? Tana son matsi. Juya takalmin ma ka ga inda ƙusoshin feda suka huda ƙasansa.

Masu daidaita keke da jiki suna da wani ƙiyasi da suke farawa da shi: ciwon gefen gwiwa na waje yakan tafi da matsewar taku, na gefen ciki da yawan talewa, na gaba da sirdin da ya yi ƙasa, na baya da wanda ya yi sama. Mafari ne kawai. Gwiwar da ta kumbura, ko take ƙullewa, ko take ciwo ko ba ka hau keke ba, ba aikin sifana ba ne, ka nufi Shika ko wani asibitin a duba ta.

Za ka ji masu cewa matsattsen kirank ya fi gudu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ɗan Sikotilan ɗin nan Graeme Obree, wanda ya kafa tarihin tafiyar awa guda a 1993 da kilomita 51.596, da hannunsa ya ƙera kekensa ya matse tsakiyarsa iya matsewa, har da boris ɗin injin wanki a ciki. A 2014 ma masu bincike a Jami'ar Bamingam ta Ingila sun gwada faɗin 90 da 120 da 150 da 180, suka ga matsattsun sun ɗan fi tattalin ƙarfi. To amma Obree a shimfiɗaɗɗen fili yake zagaye, ba dutse ba rami. Kai da za ka gangaro kan falalen dutse a tsaye, kana karkata keke tsakanin cinyoyinka, 'yar talewa ita ke ba ka daidaito. A ganina ga mai hawa don motsa jiki ko zuwa gona, ribar da ke cikin matsi ba ta kai ciwon gwiwa na kwana ɗaya ba.

Faɗin ma yana da nasa haraji. Hanyoyinmu na gona siriri ne, ruwan Agusta ya zaizaye tsakiyarsu sun zama kwalbati, ga kunyoyi dama da hagu, ga kututturan dawa bayan girbi. Duk milimita da ka ƙara a waje, ka ƙara wa feda damar kamo wani abu. Haka in ka kwanta a kwana kana takawa, feda mai nisa ta fi saurin taɓa ƙasa.

Mataki na 4: gyara daga mai araha zuwa mai tsada

In bidiyo ya nuna kana son ƙarin wuri, kada ka ruga kasuwa neman kirank. Fara da washa. Washar ƙarfe mai kaurin milimita 1 ko 2 tsakanin feda da kirank ta isa ta raba dunduniya da fenti. Kada ka wuce 2 a kowane ɓangare, don zaren da ya rage a ciki shi ke ɗauke da nauyinka, kuma kirank ɗin alminiyam ba ya yafiya.

In bai isa ba, sauya feda. Shimfiɗaɗɗiyar feda mai faɗin milimita 100 zuwa 110 tana ba ƙafa damar matsawa waje ba tare da ta rataya a baki ba. Ƙananan fedar roba da ke zuwa da kekunan gwanjo su ne rabin matsalar masu babbar ƙafa. Ka lura da zare wajen saye: kekunan manya inci 9/16 ne, na yara da masu kirank ɗin ƙarfe guda inci 1/2, ba sa shiga juna.

Masu feda mai kama takalmi, irin SPD da Shimano ya fito da ita a 1990, gyaransu a ƙasan takalmi yake. Ɗan ƙarfen da ke maƙalewa a feda yana matsawa gefe da 'yan milimita in ka sassauta ƙusoshinsa biyu da alanki 4. Abin a juye yake, shi ya sa ake rikicewa: in ka matsar da ƙarfen wajen babban yatsa, ƙafa waje za ta fita, in ka kai shi wajen ƙaramin yatsa, ƙafa ta matso kirank. Zana kewayensa da biro kafin ka taɓa, don ka san inda ka baro. Akwai kuma feda masu aksul dogo ko gajere daga kamfani. XTR ta Shimano tana da mai 55 da mai 52.

Sai ƙarin aksul, guntun ƙarfen da ake ɗaurawa a kirank sannan a ɗaura feda a bakinsa. Yawancinsu milimita 20 suke ƙarawa a kowane gefe, 40 ke nan gaba ɗaya, tsalle ne babba. Ga mai ƙafar baka sosai, ko wanda tsohon karaya ya juya masa ƙafa, yana da amfani, har a ɓangare ɗaya kawai. Amma ni ban yarda da shi ba ga mai tsalle da keke ko mai gangara da gudu, don yana ƙara wa zaren kirank wahala, na arahan kuma ba ka san irin ƙarfensu ba. In dole ne, nemi na baƙin ƙarfe mai kyau, ka tabbatar akwai na dama da na hagu, ka kuma duba ko fedarka da sifana ake ɗaure ta, don mai alanki ta baya ba ta ɗauruwa sai ƙarin yana da rami a tsakiya.

Ga mai aksul mai kusurwa huɗu, sauya tsawonsa mataki ɗaya, misali daga 113 zuwa 118, yana ƙara kusan biyu da rabi a kowane gefe. Yana yiwuwa, sai dai ka san ka taɓa layin sarƙa, kuma dole a sake saita giyar gaba.

Rage faɗi ya fi ƙara shi wuya. In ka riga ka matso da ƙafa iya matsowa, aksul ɗin kuma shi ne daidai, to sai sabon kirank.

Mataki na 5: in sayen kirank ya zama dole

Je da lambobinka huɗu a rubuce: faɗin gidan boris, faɗin cibiyar baya, layin sarƙa, da ratar da ta rage tsakanin hannu da ƙarfen baya. Kamfani ɗaya yakan yi kirank iri ɗaya da faɗi uku, lamba ɗaya ce ke raba su a kwali. Misali, Deore M6100 na Shimano faɗinsa 172, layin sarƙa 52, yana tafiya da cibiya 142 ko 148. M6120 faɗinsa 178, layi 55, na sababbin firam masu 148 da ke son wuri ga babbar taya. M6130 kuma 181 ne, layi 56.5, na masu 157. XTR M9100 na 'yan tsere 162 ne, ba kowane firam ke karɓarsa ba. Na SRAM da yawa suna wajen 168. In mai shago ko mai turo kaya daga Legas ya ce maka "Deore ne" ya yi shiru, tambaye shi sauran lambar.

Lissafin mai sauƙi ne. In kirank ɗinka na yanzu 178 ne kuma ratar da ta rage 9 ce a kowane gefe, mai 172 zai cinye 3 ya bar maka 6, ya shiga. In ratar 6 ce, zai bar maka 3, bai shiga ba. Shawarata ita ce ka ɗauki mafi matsin da firam ɗinka ya yarda da shi, don ƙarawa da washa ko feda abu ne na minti biyar, ragewa kuwa sai an sake buɗe aljihu.

Tunda ka zo sayen, duba tsawo ma. Gajeren mutum a kan 175 gwiwarsa na hawa sama da yawa, daga nan ta buɗe waje. Komawa 170 ko 165 yakan gyara wannan, ya kuma ɗaga feda daga duwatsu. In ka rage tsawo da 5, ɗaga sirdi da 5.

In kirank ɗin gwanjo ne kuwa, leƙa ramin kusurwa huɗun. In gefunansa sun yi sulɓi sun zagaye, ko da kyauta aka ba ka, bar shi.

Mataki na 6: ɗaurawa

Kofunan gidan boris mai zare akasin feda suke: na dama ne mai juyayyen zare, kuma in sifana na kallon sama, wajen tayar gaba ake turawa a kwance su. Wanke zaren da kananzir, shafa giris, fara ɗaurawa da hannu. In ya ƙi shiga da yatsu, ya hau zare ne, dawo da shi.

Masu Hollowtech II su kula da zobban cike gurbi masu kaurin 2.5. Gida mai 68 yana ɗaukar uku, biyu a dama ɗaya a hagu. Mai 73 ɗaya tak, a dama. Kuskuren nan kaɗai yana karkatar da taku zuwa gefe guda. Murfin robar da ke hannun hagu da yatsu ake ɗaure shi, don cire lilo kawai yake yi. Ƙusoshi biyun da ke matse hannun su ne masu riƙo, a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, zuwa 12 ko 14 a ma'aunin Nm in akwai sifana mai awo.

Ƙusar aksul mai kusurwa huɗu tana son ɗauri sosai, wajen 40, wato ƙarfin hannu na gaske da doguwar sifana. Kada ka bari a sa guduma, ko wajen sawa ko wajen cirewa, akwai abin zaro kirank da aka yi don haka. Bayan hawa biyu ko uku a sake gwada ƙusar. Rashin yin haka ne ya cinye mini hannun hagun da na faɗa a farko.

Feda kuma akwai L da R a bakin aksul ɗinsu, L hagu, R dama. Giris, yatsu, sannan sifana.

Mataki na 7: gwaji

Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, milimita 2 zuwa 3, ka ba shi mako biyu. Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, mai hawa da gangara, ka riƙa binta. Tawa ita ce daga Samaru zuwa Bomo in zaga ta gonaki in dawo. Kwana biyun farko komai zai yi maka baƙo, wannan ba hukunci ba ne. Abin lura shi ne gwiwa da safe in ka sauko daga gado, da kuma sabon bidiyo a ƙarshen mako na biyu. Manna guntun farin tef a kan hannun feda inda fentin ya goge. In ya kwana bakwai bai yi baƙi ba, dunduniya ta sami hanya.

In bayan duk wannan kana jin ƙafa ɗaya na murɗawa a ƙarƙashinka sau ɗaya a kowane zagaye, kamar kana taka faifan da ba a daidai yake ba, to ba faɗi ba ne, wani abu ne ya lanƙwashe. Ari fedar wani ka ɗaura a gefen. In murɗawar ta tafi, aksul ɗin fedarka ne, sai ka sayi wata. In tana nan, hannun kirank ne, kuma na alminiyam ba a miƙe shi a ci gaba da hawa, sauya shi ake yi, da ɗan'uwansa na ɗaya gefen.